Shirin Musamman: Yadda Ƙanƙantar Estoniya Ta Zame Mata Jari

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau tafiyar mai nisa ce. Za mu nufi arewacin nahiyar Turai, bakin tekun Baltik, inda a tsakiyar hunturu rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Sunan ƙasar Estoniya.

Faɗinta kusan murabba'in kilomita 45,000 ne, wato kusan daidai da jihar Kaduna, kuma wajen rabinta daji ne. Mutanenta miliyan 1 da dubu 300 da 'yan kai, birnin Kano kaɗai ya ninka su. To amma duk wanda ya taɓa kiran mota da manhajar Bolt a Abuja ko Legas ko Akara, ya yi ciniki da kamfanin da hedikwatarsa ke Talin, babban birnin wannan ƙasa. Bisa ƙidayar 'yan ƙasar, sun fitar da kamfanonin fasaha wajen 10 da darajar kowannensu ta haura dala biliyan 1. Idan aka auna da yawan jama'a, da wuya a sami wadda ta kamo su a Turai.

Yawancinmu mun ɗauka sabon kamfanin fasaha sai a babban birni, inda kuɗi da jama'a suka taru. To yaya aka yi ɗan ƙaramin wuri irin wannan ya zama gidan masu kafa kamfani? Ku biyo mu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

A watan Agustan 1991 Estoniya ta sake samun 'yanci daga Tarayyar Sobiyet, bayan kusan shekara 50 a ƙarƙashin Mosko. Ta fito da talauci da tsofaffin masana'antu. Amma akwai abu biyu da ta rage da su. Na farko ilimin lissafi da kimiyya: jami'ar Tartu tun 1632 take, kuma a 1960 an kafa wata cibiyar binciken kwamfuta a Talin wadda ta horar da injiniyoyi da dama. Na biyu maƙwabtaka. Tsakanin Talin da Helsinki, babban birnin Finlan, kilomita 80 ne kacal ta ruwa, harsunan biyu kuma 'yan uwan juna ne. Tun zamanin Sobiyet mutanen arewacin Estoniya suna kama talabijin ɗin Finlan a gidajensu, saboda haka sun san yadda ake rayuwa a ɗaya ɓangaren.

Gwamnatin da ta hau a 1992 ta matasa ce. Firaministanta, Mart Laar, shekararsa 32. Ana yawan ba da labarin cewa Finlan ta yi musu tayin tsofaffin na'urorinta na tarho kyauta, suka ce sun gode, suka gina sabon tsari na zamani da kansu. A 1996 Shugaba Lennart Meri ya ƙaddamar da shirin saka kwamfuta da intanet a makarantu, shawarar da Toomas Hendrik Ilves, jakadan ƙasar a Amurka a lokacin, yana cikin waɗanda suka kawo ta. Cikin 'yan shekaru makarantun ƙasar suka hau intanet. A nan ƙanƙanta ta fara amfani, domin makarantun ɗaruruwa ne kawai. Aikin da zai ci wa babbar ƙasa shekaru da kwamitoci, su sun gama shi yaran da aka fara da su ba su bar sakandare ba.

Daga nan abubuwa suka bi juna. A 2000 aka daina karɓar haraji kan ribar da kamfani ya mayar cikin harkarsa. Sai ranar da masu shi suka raba ribar sannan gwamnati ke karɓar nata. A 2001 aka kafa tsarin da ake kira X-Road, a 2002 aka fara raba katin shaida mai ɗauke da sa hannun lantarki, a 2005 aka fara jefa ƙuri'a ta intanet.

Wannan X-Road ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, don shi ne ginshiƙin. Ba a tara bayanan jama'a a rumbu ɗaya ba. Ofishin haraji yana riƙe da nasa, asibiti da nasa, ofishin rajistar kamfanoni da nasa, sai aka shimfiɗa hanya mai tsaro da suke tambayar juna ta cikinta. Ƙa'idar ita ce, abin da ka taɓa faɗa wa gwamnati sau ɗaya, kada wani ofishinta ya sake tambayar ka. Kuma ɗan ƙasa yana iya shiga ya ga wace hukuma ce ta leƙa bayanansa. Ga mai kafa kamfani, ma'anar wannan ita ce yana zaune a ɗakinsa zai yi rajista, ya sa hannu a kwangila, ya cika takardar haraji, ba layi, ba “dawo gobe oga ba ya nan”. Duk wanda ya taɓa yawon ofisoshi da fayil a hammata ya san abin da kwanakin nan ke ci. Ga kamfanin mutum uku da kuɗin wata shida a hannu, lokaci shi ne jarin da ya fi saurin ƙarewa.

(Kiɗa)

Sai dai fa, masu sauraro, kyakkyawan tsarin gwamnati ba ya haifar da kamfani shi kaɗai. Abin da ya sauya ƙasar a idon matasanta shi ne Skype.

A 2003 wasu 'yan kasuwa biyu, Niklas Zennström ɗan Suwidin da Janus Friis ɗan Danmak, suka fito da manhajar kiran waya kyauta ta intanet. Waɗanda suka rubuta manhajar 'yan Estoniya ne: Ahti Heinla, Priit Kasesalu da Jaan Tallinn, abokan juna tun suna makaranta. Shekara biyu kacal bayan haka, a 2005, kamfanin eBay ya saye Skype a kan dala biliyan 2.6. A 2011 Microsoft ya sake sayen ta a kan biliyan 8.5.

Yanzu ku yi tunani. Da a Landan ko Kalifoniya aka yi wannan ciniki, da an yi labarinsa mako guda an wuce, don irinsa ba baƙo ba ne a can. A Talin kuwa, garin da bai kai mutum rabin miliyan ba, kusan kowane mai ilimin kwamfuta ya san wani da ke aiki a Skype. Maƙwabcinsa ne, ko ɗan ajinsu, ko yayan abokinsa. Abin ya tashi daga labarin jarida ya koma abin da aka gani da ido. Injiniyoyin da suka sami rabo ba su kwashe kuɗin sun tafi ba. Huɗu daga cikinsu sun kafa kamfanin zuba jari mai suna Ambient Sound Investments, suna saka kuɗi a harkokin na baya. Abin da ya fi kuɗin ma shi ne ɗaruruwan ma'aikatan da suka koyi yadda ake kula da manhajar da miliyoyin mutane ke amfani da ita a lokaci guda. Wannan ilimi ba a samun sa a aji.

Ma'aikacin Skype na farko, Taavet Hinrikus, ya koma Landan da zama, amma albashinsa da kuɗin gida ake biyan sa. Abokinsa Kristo Käärmann kuma a Landan yake karɓar fam, alhali yana da bashin gida da yake biya a Estoniya. Duk wata banki na yankar su wajen canji. Sai suka shirya tsakaninsu: wannan ya zuba wa wancan fam a Landan, wancan ya zuba wa wannan kuɗi a gida, babu kobon da ya tsallaka iyaka. Duk wanda ya san yadda 'yan canjin Wapa ke karɓar kuɗi a Kano a ba ɗan'uwanka a wata ƙasa, ya riga ya gane dabarar. A 2011 suka mayar da ita kamfani mai suna TransferWise, wanda yau ake kira Wise, ya kuma shiga kasuwar hannun jari ta Landan a 2021.

Shi kuwa mai Bolt, Markus Villig, shekararsa 19 a 2013 lokacin da ya fara. Yuro 5,000 ya karɓa a hannun iyayensa, ya riƙa bin tashoshin tasi na Talin da ƙafarsa yana lallashin direbobi su gwada manhajar. Yayansa Martin, tsohon ma'aikacin Skype, ya shigo cikin harkar. A da sunan kamfanin Taxify, sai a 2019 ya koma Bolt.

A labarin Bolt ne za a ga abin da, a ganina, ya fi komai muhimmanci. Tasi nawa ne a Talin gaba ɗaya? Ko da kowane direba a ƙasar ya shiga, cinikin ba zai riƙe babban kamfani ba. Dole tun da wuri suka fita, zuwa Latbiya da Lituwaniya da sauran gabashin Turai, sannan Afirka: Afirka ta Kudu, Kenya, da Legas a 2016. Sun nemi garuruwan da babban abokin hamayyarsu Uber bai gama kafa ƙafa ba, suka rage kason da suke cira daga direba. Matashin da ya fara a Amurka ko Jamus yana iya shafe shekara biyar yana cin kasuwar gida bai taɓa tunanin wani harshe ko wani kuɗi ba. Ɗan Estoniya ba shi da wannan gata. Harshensa mutum miliyan ɗaya da ɗoriya ne ke jin sa a duniya, don haka tun ranar farko da Ingilishi yake rubuta manhajarsa, yana lissafin mai saye da ke wata nahiya. Abin da ya yi kama da tawaya shi ya tilasta musu hangen nesa.

Akwai kuma sauƙin kai wa ga manya. A ƙasar da 'yan majalisarta 101 ne, mai ƙaramin kamfani yana iya samun jami'in da ke rubuta doka ya gaya masa inda take matse shi. Shi ya sa ƙasar ta zama wurin gwaji. Kamfanin Starship, wanda Heinla da Friis suka kafa a 2014, yana ƙera 'yan ƙananan mutum-mutumi masu taya shida da ke kai saƙo gida-gida, kuma a 2017 majalisar Estoniya ta gyara dokar hanya don ba irinsu damar bin gefen titi.

(Kiɗa)

To, kada mu yi ta zuba yabo kamar maroƙa. Ƙananan ƙasashe suna da yawa a duniya, kuma mafi yawansu ba su fitar da ko kamfani ɗaya irin waɗannan ba. Estoniya ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta karɓi kuɗin yuro a 2011. Wato ƙaramin ɗaki ne, amma ƙofarsa a buɗe take zuwa kasuwar mutum sama da miliyan 400, ba kwastan ba biza. Bankunan Suwidin da kamfanonin sadarwa na ƙasashen arewa sun zuba kuɗi tun shekarun 1990. Ƙaramin wurin da ba shi da wuta tsayayya, ko makaranta mai kyau, ko hanyar fita, ƙanƙantarsa ba za ta tsinana masa komai ba.

Sannan idan kamfani ya girma, sau da yawa kansa yakan bar gida. Skype a Luksambag aka yi masa rajista. Hedikwatar Wise tana Landan. Pipedrive, mai manhajar kula da ciniki, wanda aka kafa a 2010, ya kai babban ofishinsa New York, don a can manyan masu zuba jari suke. Abin da ke zama a Talin da Tartu shi ne ofisoshin injiniyoyi da albashinsu. Ba ƙaramin abu ba ne, amma 'yan ƙasar da kansu suna muhawara kan wa ya fi cin moriyar. Skype ɗin ma Microsoft ya rufe ta a watan Mayun 2025, kuma ba a Talin aka yanke shawarar ba.

Arzikin kuma bai bazu ko'ina ba. Gabashin ƙasar, wajen garin Narva da ke kan iyakar Rasha, inda galibin mazauna masu jin Rashanci ne, har yau shi ya fi fama da rashin aikin yi. Dogaro da intanet ma yana da nasa haɗari. A 2007, bayan rikici kan ɗauke wani mutum-mutumin sojan Sobiyet daga tsakiyar Talin, an yi makonni ana kai hari kan shafukan bankuna da ma'aikatu da jaridu. A 2017 aka gano rauni a katin shaidar mutum fiye da dubu 700, sai da aka sabunta su cikin gaggawa. Saboda fargabar abin da ka iya zuwa daga gabas, gwamnati ta ajiye kwafin muhimman bayanan ƙasa a Luksambag.

Babbar matsalar da ta rage ita ce mutane. Kamfanoni na ƙaruwa, haihuwa na raguwa, injiniyoyin da ake da su kowa na zawarcinsu. Shi ya sa a ƙarshen 2014 suka fito da tsarin zama mazaunin ƙasar ta intanet, wanda ke ba baƙo katin da zai kafa kamfani a Estoniya ya tafiyar da shi daga inda yake. A lura, katin ba fasfo ba ne, ba ya ba da izinin shiga ƙasar ko zama a cikinta. Sama da mutum dubu 100 daga sassan duniya sun karɓa. A 2017 kuma suka ƙara da biza ta musamman ga waɗanda ke son zuwa da ƙafarsu su kafa kamfanin fasaha, ko su yi aiki a wanda aka riga aka kafa. Wanda ya zo kuwa, zai tarar da dogon hunturu da harshe mai wuyar koyo, kuma riƙe shi bayan shekara biyu ko uku shi ne aikin da ke gaban kamfanonin Talin a yanzu.

  

(Kiɗan rufe shiri)