Yadda ake karanta ƙuri'un depite: misalin Georges Condat na Maraɗi (1948-1958)

1. Gabatarwa

Ɗalibanmu da ke nazarin tarihin siyasar Nijar sukan tattara bayanansu cikin takardun faransanci, sannan su fita ƙauyuka su yi tambayoyi da hausa. Tsakanin harsunan biyu ma'ana takan salwanta. Cikin wannan ɗan rubutu za mu ɗauki misalin depite guda, Georges Condat, don mu nuna wurare uku da mai bincike ke iya yin tuntuɓe: wanda depite yake wakilta, sunan jam'iyyarsa, da abin da jerin ƙuri'unsa ke nufi.

2. Taƙaitaccen tarihi

An haifi Georges Condat a Maraɗi a 1924. A 1948, da aka ƙara wa Nijar kujera ta biyu a majalisar dokokin Faransa, shi ya samu wannan kujera da goyon bayan jam'iyyar UNIS, wadda sarakuna da gwamnatin mulkin mallaka suka tsaya wa don ta ja da PPN-RDA. A zaɓen 17 ga Yuni 1951 UNIS ta kwashe kujerun biyu, Condat da Zodi Ikhia, Diori Hamani kuwa ya faɗi. A 1953 Condat ya bar UNIS ya kafa UPN, daga baya ya zama cikin shugabannin BNA. A zaɓen 2 ga Janairu 1956 ya sake samun kujerarsa, wannan karo tare da Diori. A ƙarshen shekarar BNA ta haɗe da UDN ta Djibo Bakary, aka samu MSA, wadda jama'a suka sani da sunan Sawaba. A watan Maris 1957 wannan jam'iyya ta ci kujeru 41 cikin 60 na majalisar ƙasa ta Yamai, Condat ya zama shugaban majalisar. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, inda «i» ta rinjayi «a'a» da Sawaba ta yi kira a jefa, aka rushe majalisar. A watan Disamba Boubou Hama ya hau kujerar shugabancinta.

3. «Depiten Maraɗi» ko «depite ɗan Maraɗi»?

Wannan -n na haɗi yana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. «Depiten Maraɗi» na iya nufin wanda Maraɗi ta zaɓa, ko wanda ya fito daga Maraɗi. Game da Condat ma'ana ta biyu kaɗai ta dace, domin a majalisar Faransa Nijar duka mazaɓa ɗaya ce. Saboda haka «depite ɗan Maraɗi» ya kamata a rubuta.

Akwai kuma batun su wa suka yi zaɓen. A 1948 ƴancin jefa ƙuri'a na wasu rukunoni ne kawai: sarakuna da manyan gari, ma'aikata, tsofaffin sojoji, ƴan kasuwa masu patanti da makamantansu. Dokar 23 ga Mayu 1951 ta ƙaro masu gida masu biyan haraji da matan da suka haifi ƴaƴa biyu. Sai dokar Defferre ta 23 ga Yuni 1956 ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƴancin zaɓe. Ke nan duka zaɓuɓɓuka ukun da suka kai Condat Paris an yi su kafin wannan doka. Idan dattijo a Tibiri ko Jiratawa ya ce wa ɗalibi «mu muka zaɓe shi», wajibi ne ɗalibin ya tambaya: wace shekara, kuma wa «mu» ta ƙunsa? Tana iya nufin shi kansa, ko gidansu, ko fadar sarkin Gobir, ko ƙasar baki ɗaya.

4. Sunan jam'iyya

UNIS, UPN, BNA, MSA: sunaye huɗu cikin shekara tara. Mai karatu na yau zai yi saurin cewa «canjin sheƙa», abin da faransancin Afirka ke kira nomadisme politique. Amma kalmar tana ɗauke da hukuncin wani zamani. Tsarin mulkin Nijar na 2010, misali, wanda ya yi aiki har zuwa 2023, ya tanadi cewa depiten da ya fita daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, mataimakinsa ya gaje shi. A zamanin Condat babu irin wannan ƙa'ida. Ban da haka, matakan ba iri ɗaya ba ne: na 1953 ɓallewa ce, na 1956 kuwa haɗewar jam'iyyu ce. Hausa tana da fi'ilan da za su bambanta su: «ya ɓalle», «ya kafa», «sun haɗe». Ba mu ga dalilin tattara su ƙarƙashin kalma ɗaya mai zargi ba.

Mu lura kuma cewa cikin waɗannan sunaye, wanda ya zauna a bakin talakawa shi ne wanda ba baƙaƙen faransanci ba ne. «Sawaba» kalma ce ta hausa mai tushen larabci, mai nufin samun sauƙi bayan wahala, kuma jam'iyyar NEPU ta Kano ta riga ta yi amfani da ita tun 1950.

5. Jerin ƙuri'u

Kalmar «ƙuri'a», daga larabci, asalinta abin da ake jefawa don raba rabo. Yanzu tana nufin takardar mai zaɓe, tana kuma nufin matsayin da depite ya ɗauka kan wata doka. Wannan na biyu ake samu cikin Journal officiel, inda bayan kowace ƙuri'a ta bayyane ake jera sunayen depitoci rukuni-rukuni. Ga fassarar da muke ba da shawara:

a) ont voté pour: waɗanda suka amince;
b) ont voté contre: waɗanda suka ƙi;
c) se sont abstenus volontairement: waɗanda suka janye hannu da gangan;
d) n'ont pas pris part au vote: waɗanda ba su shiga ƙuri'ar ba;
e) excusés ou absents par congé: waɗanda ba su nan bisa izini.

Jimlar «bai jefa ƙuri'a ba» tana rufe (c), (d) da (e) gaba ɗaya, alhali (c) matsayi ne na siyasa, (e) kuwa labarin tafiya ne kawai. Cikin (d) har shugaban zaman majalisa akan saka, don al'ada ta hana shi jefawa.

Ko (a) da (b) ma suna buƙatar hattara. A Jamhuriya ta Huɗu an saba wani wakilin rukuni ya jefa takardun ƙuri'a a madadin abokansa da ba su cikin zaure, shi ya sa ake ganin gyare-gyaren ƙuri'a a ƙarshen jerin. Tsarin mulkin 1958, a aya ta 27, ya zo ya ce ƙuri'ar ɗan majalisa tasa ce shi kansa. Ga mutum kamar Condat, wanda daga 1957 yake riƙe da kujera a Paris yana kuma shugabantar majalisa a Yamai, ganin sunansa cikin jeri shaida ce ta matsayin rukuninsa tukuna. Kafin a ce ra'ayinsa ne, sai an gwada da jawabansa, da rahotannin kwamiti, da ranakun tafiye-tafiyensa. Wannan ya shafi manyan dokokin da aka yi yana depite, kamar dokar aiki ta ƙasashen ƙetare ta 15 ga Disamba 1952, da dokar garuruwa ta 18 ga Nuwamba 1955 wadda ta ba Yamai damar zaɓen magajin gari.

6. Kammalawa

Muna roƙon ɗalibai abu uku: su rubuta «ɗan Maraɗi» inda asali ake nufi, su zaɓi fi'ilin da ya dace da kowane sauyin jam'iyya, su kuma riƙe rukunoni biyar ɗin nan daban-daban cikin jadawalinsu. Fassarorin da muka kawo ba a gwada su ba tukuna a bakin masu magana. Muna fatan wani cikin ɗaliban zai kai su Maraɗi, Tibiri da Jiratawa, ya ji ko «janye hannu» tana ba dattawa ma'anar da muke nufi, ko kuwa suna da kalmar da ta fi ta.