Gwanaye Biyu A Tseren Basukur Na Faransa

A ƙasar Faransa akwai wani tseren basukur da aka fara tun 1903. Zango 21 a ke yi cikin mako uku, tafiyar kuwa ta fi mil 2,000, da hawan duwatsu da gangara. Kullum a kan tara lokacin kowane mahayi, wanda nasa ya fi kaɗan shi a ke sa wa riga mai ruwan ɗorawa.

Daga 1921 har 2020 babu irin abin da ya biyo baya, gama tun daga 2021 zuwa 2025 mutum biyu ne tak su ka riƙe na ɗaya da na biyu, shekara biyar a jere: Tadej Pogacar, mutumin Sulobeniya, da Jonas Vingegaard na Denmak, wanda dā ya yi aiki a ma'aikatar kifi. Pogacar ya ci a 2020 da 2021, har mutane su ka ce ba shi da na biyu.

To, sai ga 2022. Wanda bai san sirrin wannan wasa ba ya kan zaci ƙarfin cinya ne kaɗai. A'a. Iska ita ce babbar abokiyar gāba: na gaba shi ke shan ta, na bayansa ya fake ya huta. Don haka kowane gwani ya ke da mataimaka bakwai. A zango na 11 mutanen Vingegaard su ka yi ta kai wa Pogacar farmaki bi da bi, shi kuwa da zafin ƙuruciya bai bar ko ɗaya ya wuce ba. Da aka kai dutsen Granon ƙarfinsa ya ƙare, aka ba shi ratar kusan minti 3, riga ta kuɓuce masa. Bayan 'yan kwanaki ya faɗi a wata gangara, Vingegaard ya sassauta ya jira shi, su ka yi musafaha a kan basukur, sa'an nan aka koma fama.

Shekaru biyu na bayan wannan, a ganina, ba su isa a yanke hukunci da su ba. A 2023 Pogacar ya karye a wuyan hannu cikin Afrilu, aka cinye shi da minti 7 da daƙiƙa 29. A 2024 kuma Vingegaard ne ya faɗi a Sifen, ya karya ƙashin wuya da haƙarƙari, har huhunsa ya huje. Zuwansa na biyu a wannan hali ba ƙaramin abu ba ne.

A 2025 su ka zo kowa da lafiyarsa. A dutsen Hautacam, inda Vingegaard ya bar shi a baya shekara uku da su ka wuce, Pogacar ya rama da ratar fiye da minti 2, ya ƙare da nasara ta huɗu. Ni dai shi na ba fifiko, domin ya kan ci tseren yini ɗaya kamar yadda ya ke cin na mako uku, ga kambin duniya na 2024 da 2025. Vingegaard kuwa mutumin dogon hawa ne, mai haƙuri, ba ya ɓarnar ƙarfi. Bai zauna zaman baƙin ciki ba, sai ya wuce Sifen ya ci babban tserensu a watan Satumba na 2025.