Furen jan ƙarfe, dutse mai kyan ɗan maciji

A ƙasar Jamus, kusa da birnin Goslar, akwai wani tsauni da ake kira Rammelsberg. An yi fiye da shekara 1000 ana haƙo jan ƙarfe da dalma da azurfa a cikinsa, kafin a rufe ramukan a shekarar 1988. A 1992 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihi na duniya. Wanda ya shiga wata tsohuwar hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa a can tun ƙarni na 12, zai tarar da bango ya yi ado da launi shuɗi da kore da fari.

Masana suna kiran shuɗin dutsen nan kalkantit, wato furen jan ƙarfe da harshen Girka. Ga yadda yake samuwa. A cikin ƙasa, jan ƙarfe yana haɗe da farar wuta. Idan an bar rami, ruwa da iska su ci dutsen, ruwan ya yi tsami, ya narkar da ƙarfen. Sai ya riƙa ɗiga daga rufin rami, yana bushewa sannu sannu, yana barin gishiri shuɗi bisa bango da gumagumai.

Masu tara duwatsu suna neman sa ƙwarai, amma ajiyarsa sai mai haƙuri. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ruwa ne. In iska ta bushe ƙwarai, sai ya koɗe, ya zama farin gari. In ruwa ya taɓa shi kuma, ya narke. Shi ya sa ake rufe shi cikin kwalba, nesa da rana.

Akwai kuma algus. Ana sayar da wannan gishiri don maganin cutar shuke-shuke, wasu kuwa sukan narkar da shi a gida, su bari ya daskare bisa wani dutse, su ce daga rami ya fito. Wanda ya cika girma da santsi, a yi hattara da shi.

Babban abin lura shi ne rai. Gishirin nan guba ne: ba a lasa, ba a barin sa kusa da yara, a wanke hannu bayan an taɓa shi. Tsohon rami kuwa yana ruftawa, iskarsa tana kashe mutum ba zato. Jama'a, kada kowa ya shiga irin wannan wuri ba da izini da jagora ba.