Ƙarfe Ma Yana Gajiya: Dalilin Karkacewar Tsohuwar Mota Bayan An Sauya Mata Sifirin

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a tashar motar Haɗeja ranar kasuwa zai ga motoci iri-iri ɗauke da buhunan shinkafa da tattasai da kwalayen bandar kifi, wasu sun nufi Kano, wasu Nguru, wasu kuma Guri ko Kafin Hausa. Idan aka lura da kyau, za a tarar wasu daga cikinsu sun karkace gefe guda ko da babu kaya. Abin mamaki, sau da yawa wannan karkata tana bayyana ne bayan mai mota ya kashe kuɗinsa an sauya mata ƙafa. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ke haddasa haka, da yadda ake gano shi ta hanyar awo kafin a sake zuwa kasuwa.

Wane ne ke ɗauke da mota?

Mutane da yawa suna zaton shokazoba ce ke riƙe da nauyin mota, alhali wannan aikin sifirin ne. Shokazoba dai tana kashe rawar sifirin ne, don kada mota ta yi ta tsalle bayan ta faɗa rami. Saboda haka wanda motarsa ta karkace ya je ya sayi sabuwar shokazoba, galibi ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Sifirin iri biyu aka fi sani a nan. Akwai naɗaɗɗe, kamar wanda ke gaban Peugeot 504, motar da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, wadda kuma masana'antar Peugeot ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta yi shekaru tana harhaɗawa. Akwai kuma mai falle-falle, irin wanda ke bayan a-kori-kura da manyan motoci.

Dukkansu suna bin ƙa'idar da Robert Hooke, masani ɗan Ingila, ya wallafa a 1678, wato gwargwadon nauyin da aka ɗora wa sifirin, gwargwadon lotsawarsa. Alal misali, a ɗauka kowace kusurwar gaban mota tana ɗauke da kilo 300. Idan sifirin hagu yana lotsawa santimita 1 a kan kowane kilo 25, zai sauka santimita 12. Idan na dama ya fi tauri, sai da kilo 30 yake ba da santimita 1, zai sauka santimita 10 kacal. Ke nan ko da tsawonsu ɗaya ne a hannun mai sayarwa, da zarar an sauke motar ƙasa za a sami bambancin santimita 2.

Ƙashi da ƙarfe

Ɗaliban ilmin halittu sun san ƙashi abu ne mai rai. A 1892 likitan Jamus Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana sake gina kansa daidai da nauyin da yake ɗauka. Akwai ƙwayoyin halitta da ke rushe ɓangaren da ya tsufa ko ya tsage, akwai kuma masu gina sabo a gurbinsa. Shi ya sa ƙasusuwan ɗan dako ke ƙara ƙwari da aiki.

Ƙarfe ba shi da wannan baiwa. August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, ya nuna a ƙarni na 19 cewa ƙarfen da ake ta lanƙwasawa ana saki yana iya karyewa da nauyin da bai kai wanda zai karya shi a karo ɗaya ba. Ƙananan tsagu suna farawa, suna girma a hankali, babu mai ɗinke su. Haka kuma sifirin da aka sha danne shi fiye da ƙima ba ya komawa tsawonsa na asali.

Yanayin fadamar Haɗeja yana gaggauta wannan gajiya. Da damina hanyoyin ƙauye sukan zama taɓo, da rani kuma lakar ta bushe ta bar kwazazzabai masu tauri. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun lalata hanyoyi da dama a Jihar Jigawa. Laka tana maƙalewa a mazaunin sifirin ta riƙe danshi, tsatsa ta ci fenti ta haƙa 'yan ramuka, kuma daga irin waɗannan ramuka ne tsagu ke farawa. Ban da haka, tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, tayoyin dama ne ke bin bakin titi inda kwalta ta fi zaizayewa.

Inda kuskure ke shiga

Na farko shi ne sauya gefe ɗaya. Sabon sifirin da tsoho ba za su tsaya daidai ba, don haka ake sauya su biyu-biyu. Na biyu shi ne haɗa biyun da ba tagwaye ba. Kayan Beljiyam da ake samu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano an kwance su ne daga motoci daban-daban, kuma ko a samfurin mota ɗaya, mai injin dizal takan fi mai fetur taurin sifirin gaba saboda nauyin inji. Kamfanoni da yawa suna ɗiga fenti mai launi a jikin sifirin don nuna ajinsa. Wajibi ne launukan biyun su zo ɗaya.

Na uku shi ne zama. Bakin naɗaɗɗen sifirin yana da gurbin da yake shiga a farantinsa, in ya hau gefe sai kusurwar ta ɗaga. Na huɗu kuwa, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ɗaure notin robobin ƙafa tamau alhali mota tana kan jak, tayoyi na reto. Idan aka sauke ta, robar za ta murɗe ta zama wani ɗan sifirin mai tura mota sama, sa'an nan ta yage da wuri. Ƙa'ida ita ce a yi ɗaurin ƙarshe bayan nauyin mota ya zauna a kan tayoyinta.

Yadda ake awo

Awon ba ya buƙatar komai sai tef da alli da daɓe mai baje, kuma ɗalibai za su iya yin sa da motar makaranta. A sauke kaya, a daidaita iskar tayoyi, a ɗan gangara motar gaba da baya, a danna kowace kusurwa a saki. Sai a auna daga tsakiyar cibiyar taya zuwa leɓen jikin mota da ke samanta, a rubuta alƙaluman kusurwa huɗu. Ana farawa daga cibiya ne don kada girman taya ya ruɗi mai awo. Ɗan bambancin da bai kai santimita 1 ba abu ne da aka saba gani. Wanda ya zarce haka sosai yana bukatar bincike.

A karanta alƙaluman huɗu tare, domin mota kamar gado ce mai ƙafa huɗu. Idan bayan dama ya lotsa, gaban hagu yakan ɗaga, sai a yi ta zargin sabon sifirin gaba alhali tsohon na baya ne mai laifi. Idan shakka ta rage, makanike ya musanya na hagu da na dama. In karkatar ta bi sifirin ta koma ɗaya gefen, an kama mai laifi. In ta tsaya inda take, to sai a duba mazauninsa ko tsatsa ta cinye shi, ko ƙafar ta lanƙwashe, ko kuwa jikin motar ya murɗe a wani tsohon haɗari.

Dabarun da ya kamata a guje wa

Akwai masu cusa guntun taya tsakanin zoben sifirin, da masu yanke mai tsawon, da masu gasa shi da wutar walda. Zafi yana ɓata horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta, yanka kuma yana ƙara masa tauri, sai a daidaita tsawo a ɓata lotsawa. Haka nan kwance naɗaɗɗen sifirin ba tare da na'urar matse shi ba ganganci ne, domin ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya karya ƙashin mutum.

Kammalawa

Motar da ta karkace tana cin taya gefe guda, tana iya fizga idan aka taka birki, fitilunta kuma suna kauce wa hanya. A titin da ake ratsa ruwa da daddare da fasinjoji cike, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Bayan an daidaita tsawo, a kai ta a saita tayoyi, a riƙa wanke lakar ƙarƙashinta da damina, a kuma raba kaya daidai hagu da dama. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.