Tsuntsun da ya fi kowane ƙanƙanta a duniya

A tsibirin Kuba akwai wani ɗan tsuntsu da mutanen ƙasar ke ce ma «zunzuncito». Tsawonsa santimeta 5 zuwa 6, nauyinsa wajen giram 2. Wanda ya hange shi sai ya ce ƙudan zuma ne.

Masana sun sa shi cikin dangin kolibri, masu iri fiye da 300, dukansu a nahiyar Amurka da tsibiranta. Sun ba shi suna «Mellisuga helenae». Ya yi kama da sha-kauci na ƙasarmu, don duk ruwan fure suke sha, amma ba danginsu ɗaya ba. Tsattsewa ta fi kusa da shi.

Mazauninsa kurmi ne da bakin daji mai yawan furanni, kamar fadamar Zapata. Macen tana yin ƙwai 2, kowane kamar ƙwayar wake.

Ban da Kuba, babu inda yake zaune. Ga shi kuwa saran daji don buɗe gonaki ya rage yawansa. In kurmin ya ƙare, ba shi da wata mafaka.