Tarukan Zariya: Ana Yi a Samaru, Birni Bai Ji Ba

Da zarar zangon karatu ya kankama a Jami'ar Ahmadu Bello, babbar ƙofar Samaru takan cika da ƙyallayen sanarwa. Wannan yana kiran jama'a zuwa laccar wani farfesa, wancan yana shelar taron ƙungiyar masana, ga na 'yan wasan kwaikwayo, ga na ɗalibai masu baje kolin zane da sassaƙa. Kusan dukkansu da Turanci ake rubuta su. Direban bas mai jigila tsakanin Samaru da Kwangila yana wucewa ta gabansu safe da yamma, haka ma mai gasa masara a bakin titi, amma ba kowannensu ya san cewa da yawa daga cikin waɗannan taruka kyauta ne ba, kuma gayyatar har da shi.

Garuruwa kaɗan ne a Arewa suka tara makarantu kamar Zariya. Jami'ar da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962 tana da mazauni a Samaru da Kongo, ga asibitin koyarwarta a Shika. Akwai kwalejin horar da matuƙa jiragen sama da aka kafa a 1964, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da Kwalejin Barewa wadda ta tare a garin tun 1949. Kowace tana da lokacin taronta. Idan aka haɗa da karatun zaure na cikin birni, da tafsirin azumi, da hawan salla, da wuya mako ya wuce ba a yi wani abin zuwa ba. Sai dai babu wuri guda da mutumin gari zai duba ya ga abin da ke tafe.

A cikin tarukan da ke zagayowa kowane zango, wanda ya fi cancanta a cika masa zaure shi ne laccar da malami kan gabatar bayan ya zama farfesa. Al'ada ce da jami'o'in ƙasar nan suka gada daga Ingila. A ranar, malamin kan tsaya gaban shugaban jami'a da abokan aikinsa da duk wanda ya zo, ya bayyana abin da ya shafe shekaru yana bincike a kai, da abin da ya gano, da amfaninsa ga al'umma. Ba a karɓar kuɗin shiga, kuma akan raba laccar a ɗan littafi. Likitan dabbobi zai yi bayanin cutar da ke kashe shanun makiyaya, masanin ƙasa ya faɗi dalilin da gona ke gajiya, masanin shari'a daga Kongo ya warware batun gado ko rikicin fili. Duk abubuwa ne da ake muhawara a kansu kullum a majalisun unguwa da teburin mai shayi.

Abin da ke sosa rai shi ne ganin dangin malamin. Sukan yi motoci daga garinsu, da dattawa da iyaye mata cikin kwalliya, su zauna sa'a guda ko fiye suna sauraron ɗansu cikin harshen da yawancinsu ba sa ji. Sun zo taya murna, sun kuma taya, amma ilimin da aka tara su dominsa bai isa kunnensu ba. Taƙaitawa ta minti goma da Hausa a ƙarshen laccar, ko shafi biyu a bayan ɗan littafin, ba za su ci wa jami'a komai ba. Sashen Harsuna da Al'adun Afirka yana nan cikin harabar, cike da waɗanda fassara ce sana'arsu.

Laccar Samaru ta taɓa zama abin da ƙasa ke saurare. A watan Nuwamban 1977, ana tsakiyar zazzafar muhawara kan shari'a a majalisar tsara kundin mulki, Dakta Yusufu Bala Usman ya tsaya a jami'ar ya gabatar da lacca kan yadda masu neman mulki da dukiya ke wasa da addini don raba kan talakawa. Jaridu suka ɗauka, aka yi ta mayar da martani, daga baya ta zama ginshiƙin littafin da ya fitar a 1987. Shi da abokan tafiyarsa sun san Turanci ba ya kai saƙo ko'ina, shi ya sa a shekarun 1980, ban da mujallar The Analyst, suka riƙa fitar da Fitila da Hausa. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005, kuma cibiyar CEDDERT da ya kafa a Zariya takan shirya laccar tunawa da shi. Wanda ke son ganin ragowar waccan al'ada ta muhawara ba tsoro, wannan taro ne da ya kamata ya sa wa ido.

Tun kafin a kafa jami'ar ma garin ya saba da irin wannan zama. Sa'adu Zungur, lokacin da yake koyarwa a Zariya wajen 1940, ya tara 'yan boko suna tattauna halin da Arewa ke ciki. A nan kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, jaridar da mutum ɗaya kan karanta a zaure jama'a na saurare.

Amma babu inda aka gwada fitar da ilimi daga harabar jami'a da gaske kamar sashen wasan kwaikwayo. A cikin Samaru akwai wani dandali da ake kira Drama Village, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich, mai koyar da zanen gine-gine a jami'ar a lokacin, ya tsara a tsakiyar shekarun 1970. Da ƙasa aka gina shi, bisa fasalin gidan Bahaushe: ɗakuna kewaye da fili, sama a buɗe, 'yan kallo kusa da 'yan wasa har suna jin numfashinsu. Michael Etherton, wanda ya jagoranci fara koyar da wasan kwaikwayo a can a 1975, ya zo da ra'ayin cewa bai kamata wasa ya tsaya a kan dandali yana jiran masu tikiti ba.

Daga nan aka haifi Wasan Manoma a 1977. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ana ta yayata shi a rediyo. Ɗalibai da malamansu suka nufi ƙasar Soba, suka zauna da manoma, suka ji yadda takin zamani ke maƙalewa kafin ya iso gare su da yadda ake yi da gonakinsu. Suka dawo suka tsara wasa da Hausa, suka koma suka yi shi a gaban mutanen da suka ba su labarin. Bayan wasa sai tattaunawa ta ɓarke. An ci gaba da irin wannan aiki a Maska da Bomo, aka kuma gyara salon ta yadda mutanen ƙauyen da kansu ke shiga cikin wasan, su canja masa ƙarshe idan sun ga bai yi daidai da rayuwarsu ba. Mutane irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi suna a wannan fage, kuma masu nazarin wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma a ƙasashe da dama suna ambaton Zariya cikin wuraren da aka raini wannan salo.

Har yau manhajar sashen tana tura ɗalibai cikin unguwannin Samaru su nemo matsalolin da ke damun jama'a, kamar ruwan sha, shara, shaye-shaye ko kuɗin haya, su mayar da su wasa a yi a fili. Ƙarshen zango kuma lokaci ne na wasannin jarrabawa a wancan dandali na Drama Village. Magidancin da ya ɗauki iyalinsa ya kai su ba zai yi da-na-sani ba. A gefe guda, ɗaliban sashen zane sukan baje ayyukansu na kammalawa, a gidan da ya gaji ƙungiyar masu zane ta Zariya ta 1958, wadda Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka fito daga cikinta.

Manoma su ne suka fi kowa dalilin sa ido a kan kalandar Samaru. Tashar gwajin noma ta garin ta faro ne tun 1922, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona a ƙarƙashin jami'a a 1962. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga da sunansu ya fara da SAM, daga nan suka fito. A ƙarshen 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, waken da ke jure wa tsutsar da ke huda kwanso, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa. Kowace shekara kafin damina ta kankama cibiyar kan yi babban taron bitar bincike da tsara aikin shekara, sannan idan amfani ya nuna akan yi ranar gona, a kai manoma su ga iri a tsaye, su taɓa, su yi tambaya. Maƙwabciyarta NAERLS aikinta ke nan, kai sakamakon bincike ga manoma, a Shika kuma ga cibiyar binciken dabbobi da ta samar da kazar Shika Brown. A tarukan gona ne ake jin Hausa sosai, domin malamin gona ya san idan bai yi ta ba ya yi aikin banza. Abin da ya rage shi ne yawancin manoman da ke zuwa gayyato su ake yi ta hannun ƙungiyoyi. Manomin Giwa ko Hunƙuyi da ba ya cikin ƙungiya sai dai ya ji labari bayan an watse.

Batun nuna fim kuwa, nan ne aka fi samun koma baya. Dattawan Zazzau suna tuna majigi, motar da kan iso da yamma ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa, a nuna fim ɗin tsafta ko na noma irin Baban Larai na shekarun 1950, mai bayani yana fassarawa da lasifika. Gwamnati ce ke isar da saƙonta, gaskiya ne, amma gari guda kan taru ya kalli abu ɗaya ya kwana yana zancensa. Zariya kuma tana da hannu a fim ɗin Shehu Umar na 1976 da Adamu Halilu ya shirya, domin Umaru Ladan da Dexter Lyndersay ne suka fara mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga, Umaru Ladan ɗin kuma ya fito a matsayin Shehu Umar. Matasan garin da yawa ba su taɓa ganin wannan fim ba. Yau gidajen kallo na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru ƙwallon Turai suke nunawa da finafinan Indiya da aka fassara, sauran kallo kuma ya koma cikin waya, kowa da nasa. Idan wani sashe ko ƙungiyar ɗalibai ta shirya nuna fim ɗin tarihi ko na ilimi, a ɗakin lacca ake yi, 'yan aji ne kuma ke cika kujerun. Na'urar haska fim a yanzu ba ta fi a rataya a kafaɗa ba, kuma filin makarantar firamare a Ƙofar Doka ko Kwarbai zai ɗauki ɗaruruwan mutane.

Shi birni bai taɓa rasa masu zuwa taronsa ba. Karatun zaure a unguwannin malamai irin su Kona yana tafiya ba tare da takardar gayyata ba. Da azumi masallatai kan cika da masu sauraron tafsiri, yara su fito tashe bayan goma ga wata. Da salla a yi hawan idi da na Bariki da na Daushe, jama'a su yi dafifi a ƙofar fadar Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, daura da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A Wusasa, cocin Saint Bartholomew na ginin ƙasa tun 1929 yana tara nasa jama'ar da Kirsimeti da Ista, ana addu'a da waƙa da Hausa. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ita ma ta fara samun gindin zama. Waɗannan duka kowa ya san lokacinsu, kowa yana jin harshensu, yawancinsu kuma da ƙafa ake zuwa.

A waɗannan fannoni uku ne tarukan jami'a suke da rauni. Kalandar karatu ta daina tsayawa wuri guda, yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, don haka ba wanda zai ce wata kaza ake yin taro kaza ya tabbata. Tsakanin birni da Samaru tafiya ce ta fiye da kilomita goma, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota zuwa da dawowa ya zama abin lissafi ga mai ƙaramin ƙarfi. Ga matsalar tsaro da ta sa mutane ba sa son dare ya yi musu a hanya. Sanarwa kuma ta koma rukunonin WhatsApp na ma'aikata da ɗalibai, inda mutumin gari ba ya ciki.

Akwai abin da za a iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Jami'ar tana da gidan rediyonta, garin kuma yana da tashoshi irin su Alheri da Queen FM da ake saurare a shaguna da cikin gidaje. Minti biyar kowace Juma'a sun isa a karanta da Hausa abin da ke tafe a mako mai zuwa: wane ne zai yi magana, a kan me, a ina, ƙarfe nawa, kuma ko ana biya. Ɗaliban aikin jarida suna neman aikin gwaji, tattara wannan jadawali daga sassa da cibiyoyi zai dace da su. Laccar da ta shafi gado ko kiwon lafiyar mata ana iya maimaita ta a Kongo ko Tudun Wada da la'asar, inda mutanen birni za su iso cikin sauƙi su koma gida kafin magariba. Masu unguwanni da limamai kuma, waɗanda ta bakinsu ake shelar rigakafi da rajistar zaɓe, za su iya sanar da ranar gona ta cibiyar Samaru mako biyu kafin ta zo, yadda manomi zai tsara aikinsa ya samu halarta.