Aikin lauya bai tsaya a kotu ba

Jama'a, in aka ce lauya, abin da ke zo muku a rai shi ne rikicin gona da garke, ko kayan da duwan suka kama. To akwai lauyoyin da aikinsu shi ne matsa wa gwamnati ta cika abin da doka ta ce game da karatun yara. Misalinmu na wannan mako Hajiya Maryam Uwais ce, 'yar Kano.

Ɗiyar marigayi Isa Wali ce, jakadan Najeriya a Ghana. Ta karanta aikin lauya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ta daɗe tana fafutukar haƙƙin yara da mata. Lokacin Shugaba Buhari ta zama mai ba da shawara kan shirye-shiryen tallafa wa talaka. A cikinsu akwai ciyar da 'yan firamare, aji 1 zuwa 3, wanda ya fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro a rana.

Me ya haɗa lauya da tukunya? Tun 2004 dokar Najeriya ta ce karatun farko kyauta ne, kuma dole. Amma doka ba ta cika ciki. Yaron da ya fito da yunwa, kiwo ko talla zai koma. Sai an sami mai bin kasafin kuɗi da ofisoshi har rubutu ya zama abinci.

Mu ma nan Benin haka ne. Sashe na 13 na tsarin mulkin 1990 ya wajabta karatun firamare, an soke kuɗin makaranta a 2006, a 2017 gwamnati ta ƙaddamar da babban shirin kantin na makarantu. Duk da haka, nan Alibori yara da yawa ba sa aji, musamman na rugage.

Saboda haka kai makiyayi, ke 'yar kasuwar Malanbil, ba sai kun ɗauki lauya ba. Ku je wurin darakta ku tambaya ko makarantarku na da kantin. Ku shiga ƙungiyar iyayen yara. Ku nema wa yaro takardar haihuwa tun da wuri, don ana neman ta a jarrabawar CEP. Haƙƙin da ba a tambaya ba, a takarda yake kwana.